Bindigar Roba ko ta Ƙarfe? Abin da Masu Riƙe da Su Ke Faɗa a Amurka

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce daga Houston, ga Yaya Bala kusa da ni, sai Kawu Sani da ke kan waya daga Atlanta. Kawu, ina gajiya?

Sani: Ba gajiya, 'yata. Yaya mutanen gidan? Bala, ya hanya?

Bala: Alhamdu lillahi, Kawu, jiya na sauke kaya na dawo.

Hadiza: Yau maganar ƙananan bindigogi za mu yi, irin waɗanda aka yi gangar jikinsu da roba. Ni dai ban da bindiga, ban kuma sha'awarta, amma ku biyun kuna da ita, kuma na san ra'ayinku bai zo ɗaya ba. Masu jinmu daga gida, ku sani hirar Amurka ce wannan. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake mallaka, kada wani ya ce mu muka zuga shi. Yaya, fara gaya mana, wai da gaske roba ce?

Bala: Rabi da rabi. Ƙotar da kake riƙewa da gindin da sauran kaya ke zama a kai, su ne roba, wata irin roba mai tauri dangin nailan. Bututun da harsashi ke bi, da murfin sama da ke ja da baya in an harba, waɗannan ƙarfe ne zalla. Tawa Glock 19 ce, tana cin harsashi 15.

Sani: Mu da muka zo ƙasar nan da daɗewa mun ga lokacin da ake yi mata dariya. Gaston Glock, mutumin Ostiriya, ba maƙerin bindiga ba ne tun asali. Sandunan labule yake yi da wuƙaƙen soja a wani gari kusa da Biyana. Da sojan ƙasarsu suka nemi sabuwar ƙaramar bindiga, ya tara masana ya zauna ya ƙera, a 1982 suka ɗauki tasa. A 1985 ya buɗe reshe a Smyrna, nan bayan garinmu. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya riga shi yin ta roba tun 1970, amma tasu ba ta yi kasuwa ba.

Hadiza: To me ya sa tasa ta yi?

Sani: Tsoro ne ya fara yi mata talla. A 1986 jaridu suka ɗauka cewa Gaddafi na neman sayen bindigar roba wadda na'urar filin jirgi ba ta gani. Ba gaskiya ba ne, ƙarfen da ke jikinta ya fi rabin kilo, na'ura na ganinta sarai. Amma surutun ya kai har majalisa ta yi doka a 1988 ta hana bindigar da na'ura ba ta iya ganowa. Kowa ya ji sunanta kyauta. Sannan a shekarar 1986 ɗin aka yi musayar wuta a Miami, jami'an FBI biyu suka mutu, 'yan sanda suka fara ganin libarba mai harsashi shida ta yi musu kaɗan. Ga wata mai cin 17, ga araha. Shi ke nan.

Bala: Kuma ga rashin nauyi, Kawu, wannan shi ne abin da duk mai ita zai fara gaya maka. Glock 17 babu harsashi ba ta wuce gram 700 da 'yan kai ba. Beretta 92 ta kusa kilo guda. Irin taka ta ƙarfe, wadda ake kira 1911, ta haura kilo, kuma harsashi bakwai take ci.

Sani: Takwas in ka sa ɗaya a baki.

Bala: To takwas. Wanda zai rataya abu a ƙugu tun safe har dare, a zafin Texas, gumi na zuba, shi ya san bambancin. Roba ba ta tsatsa. Kayan cikinta talatin da 'yan kai ne kacal, ka kwance ka goge ka mayar cikin minti kaɗan. Na taɓa jin wani dattijo a filin koyon harbi yana cewa bai taɓa son tasa ba, bai kuma taɓa tunanin sayar da ita ba. Yawancin masu ita haka suke, ba sa yabon kyanta, cewa suke ba ta ba su kunya.

Sani: Ai ba ta da kyan da za a yaba. Labarin butar roba ne da butar ƙarfe. Ta roba ta cika kowane masallaci don ba ta da tsada ba ta da nauyi, amma ba wanda ke barin ta gado. Tawa ka riƙe ta ka ji ka riƙe abu. Nauyin nan da kake kuka da shi, shi ke shanye bugun in ka harba, hannu ba ya tsalle. Kunamarta kuma gajera ce, tsaf take karyewa. Ta Glock ka ja ka ji kamar kana matsa soso kafin ta tashi.

Bala: Wannan na yarda. Ko masoyanta suna kuka da kunamar, suna kuka da abin saitin roba da take zuwa da shi, da yawa suna cirewa su sa na ƙarfe tun ranar farko. Akwai masu cewa ƙotar ta karkace da yawa, in sun miƙa hannu sai bakin ya kalli sama. Sannan guraben yatsu da suka sa a ƙotar wajen 1998, mai babban hannu ya ce sun matse shi, mai ƙarami ya ce ba su dace da shi ba, har kamfanin ya cire su a samfurin 2017.

Hadiza: Maganar hannu kam na ji ta a wurin aiki. Akwai abokan aikina mata da ke tashi dare, wasunsu na riƙe da bindiga a jaka. Kusan dukkansu cewa suke ƙotar Glock ta yi musu kauri. Ƙananan nan suke saye, irin SIG P365.

Bala: Wadda ta fito 2018. Ta girgiza kasuwa, don 'yar mitsitsiya ce amma tana cin goma. Sai dai duk abin da ya ƙanƙance ya yi sauƙi, bugunsa ya fi zafi a hannu. Kuma in ba ka riƙe ta da ƙarfi ba, wuyan hannu ya yi laushi, sai ta ƙi fitar da kwanson ta cije. Sabbin masu harbi su ce bindigar ce ta lalace, alhali riƙon ne.

Hadiza: To ni ga abin da ke damuna. An ce Glock ba ta da makullin da ake turawa da yatsa. Gaskiya ne?

Sani: Yauwa 'yata, yanzu kika zo inda nake jira.

Bala: Bari in yi bayani kafin Kawu ya yanke mini hukunci. Tana da kariya uku, amma duk da kansu suke aiki. Akwai ɗan harshe a tsakiyar kunamar, akwai abin da ke tare allurar da ke dukan harsashi, akwai wanda ke hana ta tashi in ta faɗi ƙasa. Dukkansu suna buɗewa ne in an ja kunama. Masu sonta cewa suke ranar tashin hankali mutum ba ya tuna wani makulli, gara ya zaro ya ja.

Sani: Kuma duk abin da ya ja kunamar, ta tashi. Ba ta san yatsa ba ce ko igiyar riga ce ta shiga kube. Nauyin jan wajen kilo biyu da rabi ne. Kun tuna ɗan ƙwallon nan na New York Giants, Plaxico Burress? A 2008 ya soke Glock a ƙugun wando ba kube, ya shiga gidan rawa, ta zame, ya kai hannu ya cafke, ya harbi cinyarsa. Ga rauni, ga ɗaurin shekara biyu don ba shi da lasisin New York. 'Yan sandan birnin ma sai da suka sa aka ƙara wa tasu taurin kunama ta haura kilo biyar, saboda waɗanda suka saba da libarba suna ta sakin harbi ba da niyya ba.

Bala: Sai kuma aka dawo ana kukan taurin ya sa ba sa samun abin da suka saita.

Sani: An yi wannan kukan. Amma akwai wani abin: kafin ka kwance ta don gogewa, dole ka ja kunama. Mutum ya cire gidan harsashi, ya manta akwai ɗaya a baki. Mutane nawa suka huda bangon ɗakinsu ko tafin hannunsu ta haka?

Bala: Kawu, wannan ai laifin mai ita ne.

Sani: Na sani. Amma maƙerin kirki yana ƙera abu ne da sanin cewa ɗan Adam na gajiya, yana mantuwa. Roba ba ta dame ni ba kamar yadda nake nunawa, tsokanarka nake. Abin da ya dame ni, an sauƙaƙa abin har mutum na ganin ba sai ya koya ba. Texas tun Satumban 2021 ba a buƙatar lasisi kafin a rataya, mu nan Jojiya tun 2022. Yaro ya shiga shago da dala ɗari biyar da wani abu, a duba sunansa, ya fito da ita, bai taɓa zama aji ko na awa ɗaya ba.

Hadiza: Ita kuma wadda sojoji suka ɗauka fa, da ake ta kai ƙara a kanta?

Bala: SIG P320. A Janairun 2017 sojan Amurka suka zaɓe ta ta maye gurbin Beretta da suke riƙe da ita tun 1985. A shekarar aka nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya ce a kawo ya gyara kyauta. Bayan nan mutane da dama, har da 'yan sanda, suka kai ƙara cewa ta tashi a cikin kube ba wanda ya taɓa ta. A Nuwamban 2024 masu taya alƙali hukunci a Philadelphia suka ba wani dala miliyan 11. Kamfanin har gobe cewa yake ba ta tashi sai an ja kunama. Masu ita sun rabu biyu, wasu sun kulle tasu a akwati, wasu na cewa sun harba dubbai ba abin da ya faru. Amma ka lura, ba wanda ya ce robar ce ta jawo. Rigimar a kan kayan cikin ne, kuma ƙarfe ne.

Hadiza: Ni abin da nake gani a asibiti daban ne da abin da kuke gani a filin harbi. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar nan, fiye da rabi su suka kashe kansu. Ga yara da ke tsintar ta a ƙarƙashin matashi ko a aljihun mota. Kunamar da ba ta da tauri, yaro ɗan shekara huɗu ma yana iya jan ta da manyan yatsunsa biyu. Yaya, taka ina take kwana?

Bala: A akwatin ƙarfe mai lamba, a saman kabad. Maman yara ce ta gindaya sharaɗin kafin ta yarda ta shigo gidan.

Hadiza: Allah ya yi mata albarka. Kawu fa?

Sani: Tawa bindigar wuri ɗaya, harsashi wuri ɗaya, tun da jikoki suka fara zuwa hutu. Bala zai ce in ɓarawo ya shigo kafin in haɗa su an gama da ni.

Bala: Ban ce ba, Kawu, amma tunda ka faɗa da bakinka.

Sani: Ja'iri. Ka zo Atlanta da robar taka mu je fili, mita ashirin da biyar, harsashi goma-goma, wanda ya sha kaye ya sayi tsire.

Bala: Na karɓa, amma da sharaɗin kowa ya wuni da tasa a ƙugu kafin mu je.

Hadiza: To ku gama shirinku bayan mun rufe. Masu sauraro da ke nan Amurka, in kuna riƙe da Smith & Wesson M&P ko Canik ta Turkiyya, ku turo mana saƙon murya, don waɗannan biyun ba mu samu mun taɓa su ba yau. Kawu, a gaida Inna.

Sani: Za ta ji. Sai wani makon.