Littafi Ɗaya, Coci Biyu: Kiristocin Afirka ta Kudu da Wariyar Launin Fata

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau Afirka ta Kudu muka nufa, amma ba daga kan Mandela za mu fara ba. Za mu koma can baya, shekarar 1857, wurin wani taron shugabannin coci a birnin Cape Town.

Cocin nan na Turawan da kakanninsu suka zo daga Holan ne, waɗanda ake kira Afrikana. A taƙaice ana ce masa NGK. A lokacin, baƙi da fari majami'a ɗaya suke shiga. Sai wasu Turawa a karkara suka fara guna-guni, wai su ba za su ci Jibin Ubangiji, wato abincin tsarki da ake rabawa a coci, tare da baƙaƙe ba. Taro ya zauna, ya duba Littafi Mai Tsarki, ya kuma faɗi gaskiya cewa abin da ya dace da Nassi shi ne a haɗu wuri guda. Amma sai suka ƙara wata magana a ƙarshe. Suka ce inda raunin waɗansu ya hana hakan, to a ware wa baƙaƙe nasu ɗakin sujada.

Ku lura, su da bakinsu suka kira abin rauni. Ba su ce umarnin Allah ba ne. Sai dai abin da aka ɗaga wa ƙafa yau, gobe ya zama al'ada. A 1881 aka kafa wa 'yan ruwa biyu cocinsu daban, daga baya aka yi wa baƙaƙe, aka yi wa Indiyawa. Kafin gwamnati ta raba unguwanni, coci ya riga ya raba bencina.

Da jam'iyyar Afrikana ta ci zaɓe a 1948, wanda ya zama firaminista, D.F. Malan, tsohon fasto ne na wannan coci. A nan ne malaman tauhidi suka shiga aikin nemo wa wariya ayoyi. Suka ɗauko labarin Hasumiyar Babila, suka ce ai Allah ne ya rarraba mutane, don haka haɗa su saɓo ne. Suka ɗauko Ayyukan Manzanni sura 17 aya 26, inda Bulus ya ce Allah ya sa wa al'ummai iyakokin mazauninsu. Abin mamaki, farkon ayar cewa ya yi daga mutum ɗaya Allah ya halicci dukan al'ummai. Suka tsallake kan, suka riƙe wutsiyar.

Ranar 21 ga Maris 1960, 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Sharpeville, mutanen da suka fito ƙin dokar da ta tilasta wa baƙar fata yawo da takardar izini a ƙasar haihuwarsa. Mutum 69 aka ƙirga sun mutu, da yawansu a baya harsashi ya same su. A watan Disamba Majalisar Coci-cocin Duniya ta tara shugabannin coci a Cottesloe, cikin Johannesburg, aka fitar da sanarwa cewa ba wanda za a hana shiga coci saboda launinsa, kuma babu hujja a Nassi ta hana auratayya tsakanin baƙi da fari. Wakilan NGK sun amince. Da firaminista Verwoerd ya nuna fushinsa, sai cocin ya lashe amansa, ya ma fice daga majalisar.

Mutum ɗaya ya ƙi komawa baya, Beyers Naudé. Ba bare ba ne. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka kafa Broederbond, ƙungiyar asirin da ke juya akalar siyasar Afrikana, shi ma ɗan ƙungiyar ne, kuma babban matsayi na jiransa a coci. A 1963 aka ba shi zaɓi: ko mumbari, ko cibiyar Kiristoci ta baƙi da fari da ya kafa. Ya hau mumbari ya yi wa'azi kan ayar da ta ce wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Ranar ban kwana ya tuɓe rigar fasto a gaban jama'arsa. Danginsa na Afrikana suka kira shi maci amana. A 1977 gwamnati ta yi masa takunkumi: ba ya ganawa da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, ba jaridar da za ta ɗauki maganarsa. Shekara bakwai yana haka. Da ya rasu a 2004, a Alexandra aka watsa tokarsa, unguwar baƙaƙe inda ya koma yin sujada.

A ɓangaren baƙaƙe kuwa, muryar da duniya ta fi ji ita ce ta Desmond Tutu, bishop na cocin Anglican. Ya sha ba da labarin abin da ya fara jan hankalinsa ga coci. Yana yaro, yana tare da mahaifiyarsa, mai aikin girki, sai wani limamin coci Bature, Trevor Huddleston, ya zo wucewa ya ɗaga mata hularsa don girmamawa. A ƙasar da ake kiran dattijo baƙi "yaro", wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 1982, wata ƙungiyar coci-coci daban, wadda NGK ke cikinta har lokacin, ta taru a Ottawa ta Kanada, ta ce kare wariya da sunan bishara koyarwar ƙarya ce, ta dakatar da NGK. Cocin 'yan ruwa biyu, wanda aka ware tun 1881, shi ya rubuta shahadar bangaskiyar da ake kira Belhar, ya amince da ita a 1986. Wato 'ya'yan da aka kora daga tebur su suka dawo suna karanta wa uwar Nassi.

Amma kada ku ɗauka Turawa kaɗai Tutu yake wa faɗa. Yuli 1985, a garin Duduza, ana jana'izar wasu matasa. Jama'a suka damƙe wani mutum da ake zargin ɗan leƙen asirin 'yan sanda ne. Suka kifar da motarsa suka cinna mata wuta, suka lakaɗa masa duka, suna shirin ƙona shi. Tutu, gajeren mutum cikin rigarsa ta bishop, ya kutsa tsakiyar taron tare da Bishop Simeon Nkoane, suka janye mutumin aka sa shi a mota. Matasan ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ƙone wata matashiya a garin bisa irin wannan zargi, a gaban kyamara. Tutu ya tsaya gaban dubban masu makoki ya ce idan aka ci gaba da haka, zai kwashi iyalinsa ya bar ƙasar da yake ƙauna. Shekaru daga baya bincike ya nuna ƙazafi aka yi wa yarinyar.

A ganina nan ne ainihin abin da bangaskiya ta yi a wannan rikici. Mutumin da ke yawo ƙasashen duniya yana neman a ƙaƙaba wa gwamnatin wariya takunkumin tattalin arziki, har aka ƙwace masa fasfo, shi ne kuma ke taka wa nasa mutanen birki. Hujjarsa ɗaya ce a duka biyun: an halicci mutum cikin siffar Allah, har da ɗan sanda, har da maci amana.

Nuwamba 1990, watanni tara bayan sakin Mandela, shugabannin coci sama da 200 suka taru a Rustenburg. Wani farfesan tauhidi na NGK, Willie Jonker, yana tsakiyar jawabi sai ya furta zunubinsa, ya kuma ce yana furta na cocinsa da na al'ummar Afrikana. Tutu ya miƙe ya ce shi kam ya yafe, domin Ubangijinsa bai ba shi damar ƙin wanda ya roƙi gafara ba. Wasu suka yi hawaye. Wasu fastoci baƙaƙe kuwa ransu ya ɓaci, suna tambaya: wa ya aiki Tutu ya yafe a madadinmu, da sauri haka? Tambayar tana da nauyi, kuma shi kansa Tutu ya san da haka. Yana da wani misali da yake bayarwa: idan na sace maka alƙalami, na zo ina cewa ka yafe mini alhali alƙalamin na aljihuna, tubana bai cika ba.

Da wannan fahimta ya karɓi shugabancin Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda aka kafa bayan faɗuwar mulkin wariya don binciken zaluncin da aka yi. An fara zama a Afrilu 1996 a garin East London. Hukumar gwamnati ce, amma da addu'a ake buɗe ta, a kunna kyandir, a rera waƙar sujada. A rana ta biyu wani dattijo a keken guragu, tsohon fursunan tsibirin Robben, yana ƙoƙarin kwatanta azabar da 'yan sanda suka gana masa, sai kuka ya ci ƙarfinsa. Tutu ya kifa kansa a kan tebur, shi ma ya fashe da kuka.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar hukumar ba ta nemi kowa ya tuba ba. Sharaɗin afuwa shi ne ka faɗi duk abin da ka aikata ba ɓoye-ɓoye, ka kuma nuna siyasa ce ta sa ka. Kana iya bayyana yadda ka kashe ɗan mutum, uwarsa na zaune tana kallonka, ko gezau ba ka yi ba, ka fita da afuwarka. Gafara kuwa ba doka ce ta kawo ta ba, Tutu ne da irinsa suka shigo da ita ɗakin. Mutum sama da 21,000 suka ba da bayani. Sama da 7,000 suka nemi afuwa, 849 suka samu. Iyalan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar da ya mutu a hannun 'yan sanda, da wasu sun garzaya kotun tsarin mulki suna cewa afuwa ta ƙwace musu haƙƙin ganin an hukunta masu laifi. Kotu ba ta ba su gaskiya ba, amma ni ban ga wanda zai ce ba su da hujja ba.

Mu ma a Najeriya mun gwada irin wannan. A 1999 Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Oputa, kuma Fada Matthew Kukah, ɗan kudancin Kaduna wanda daga baya ya zama Bishop na Sakkwato, yana ciki. An saurari jama'a a talabijin, tsofaffin shugabannin soja uku suka ƙi bayyana, rahoton kuma gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba.

A Afirka ta Kudu rahoto ya fito, Tutu ya miƙa wa Mandela a Oktoba 1998. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Hukumar ta ba da shawarar a riƙa biyan waɗanda aka zalunta diyya duk shekara har shekara 6. A 2003 gwamnatin Thabo Mbeki ta ba kowannensu rand 30,000 sau ɗaya tak. Ɗaruruwan waɗanda aka hana afuwa, ko ba su ma nema ba, an miƙa batunsu ga masu gabatar da ƙara, amma 'yan ƙalilan ne suka ga kotu, abin da Tutu ya yi ta kokawa a kai kafin rasuwarsa a Disamba 2021. A 2025 iyalan waɗanda aka kashe suka maka gwamnati a kotu, shugaba Cyril Ramaphosa ya kafa kwamitin da zai binciko ko da gangan aka danne waɗannan shari'o'i.