Germaine Acogny: Matar da ta shigar da rimi cikin rawa

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi rimin nan da kuke gani a cikin birnin Zariya. Ku dubi gindinsa, yadda saiwoyi suka fito fili suka dafe ƙasa kamar katanga, sannan ku ɗaga kai ku ga inda rassa suka kai. Mu Zazzagawa mun saba da shi, har wucewa muke yi ba ma ɗaga ido. To, a ƙasar Sanagal akwai wata mata da ta ɗauki tsayuwar wannan itace ta mayar da ita darasin rawa. Sunanta Germaine Acogny.

An haife ta a 1944 a ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Benin, amma a Sanagal ta tashi. Kakarta Bayarabiya ce, mai riƙe da al'adun gargajiya, kuma Acogny ta sha danganta rawarta da wannan gado. A 1968 ta buɗe ɗakinta na farko na koyar da rawa a Dakar. Daga 1977 zuwa 1982 ta shugabanci makarantar Mudra Afrique, wadda shugaban Sanagal na lokacin, Léopold Sédar Senghor, da mai tsara rawa Maurice Béjart suka kafa.

Me ta kawo sabo? Ku lura da kyau, nan ne zancen yake. Rawar bale ta Turawa tana son jiki ya miƙe sak, ya yi sama kamar zai bar ƙasa. Acogny ta koyi ta Turawa, ta san ta ciki da bai, amma ta ce rawarta daga ƙashin baya za ta taso. Ƙafa ta kama ƙasa, gwiwa ta ɗan sassauta, gadon baya kuma ya riƙa lanƙwasa, yana karkarwa, yana tafiya kamar igiyar ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ɗan tauri idan kiɗa ya kama shi, kafaɗa na rawa, ƙirji na amsa ganga, ƙafa na tayar da ƙura, ya san wannan motsin. Abin da ita ta yi shi ne ta rarrabe shi gaɓa-gaɓa, ta sa wa kowane motsi suna daga abin da ido ya saba gani, irin su kuka da rimi da bado. Da suna ya samu, sai koyarwa ta yiwu. Yarinya daga Japan ko saurayi daga Burazil sai su zo su koya, a gyara musu, su koma gida da shi. A 1980 ta fitar da littafi a kan rawar Afirka cikin harsuna uku.

Wannan ya tuna mini da abin da ya faru a nan Zariya a 1958, lokacin da ɗalibai masu zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su karɓi dabarar Bature amma da idon gida za su yi zane. A ganina hanyarsu ɗaya da tata, sai dai ita jiki ne allonta.

Daga baya ita da mijinta Helmut Vogt suka gina makarantar École des Sables, wato makarantar rairayi, a ƙauyen masunta na Toubab Dialaw, kudu da Dakar. Akwai rumfar da daɓenta yashi ne zalla. Gwada juyi a kan yashi ka gani: ƙafa na nutsewa, cinya na zafi, dole nauyinka ya sauko ƙasa.

Kuma kada a ɗauka rawar biki ce kawai. A 2004 ta tsara rawar Fagaala tare da Kota Yamazaki na Japan, a kan kisan ƙare-dangi na Ruwanda, maza zalla a kan dandali. Aikin ya samu lambar yabon rawa ta Bessie a Amurka a 2007. A 2021 kuma bikin fasaha na birnin Benis a Italiya ya ba ta lambar yabo ta Zakin Zinare, saboda aikin da ta shafe rayuwarta tana yi.

Akwai hoton da ba ya fita daga raina. A 2020 matasa 38 daga ƙasashen Afirka 14 suka taru a makarantarta suna shirya wani aikin marigayiya Pina Bausch, mai tsara rawa ta Jamus. Ana dab da nunawa annobar korona ta rufe ko'ina. Kafin a watse, sai suka sauka bakin teku da yamma liƙis, ba takalmi, ba 'yan kallo, suka yi rawar tun daga farko har ƙarshe a kan yashi, kyamara na ɗauka, rana na faɗuwa.