Daren da ɗan Texas ya girgiza Mosko da piyano

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Mosko za mu je, watan Afrilun 1958, lokacin Amurka da Tarayyar Sobiyet ba sa ga maciji, wata shida kenan da Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko Sputnik, sai kuma ta shirya gasar kiɗa ta duniya da sunan Tchaikovsky, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Rasha, don a ga cewa ko a fagen kiɗa ma ita ce gaba. To cikin masu gasar akwai wani dogon saurayi ɗan shekara 23 daga Texas, Van Cliburn.

Kafin mu ci gaba ku gane irin wasan da ake magana. Ana ce masa kwancato, mutum ɗaya ne zaune gaban piyano mai maɓallai 88, bayansa kuma ga okestira, makaɗa kusan 80 ko fiye, masu bayolin dangin goge a gaba, masu sarewa a tsakiya, masu ƙaho da ganguna can baya, sannan jagora yana tsaye da ƴar sanda yana riƙe musu lokaci. Yawanci kashi uku ne, na farko da ƙarfi, na biyu a hankali, na uku da gudu, kuma a al'adar yanzu ba a tafi sai an gama duka ukun. Mai piyano ba takarda a gabansa fa, minti 30 zuwa 40 duk daga ka yake kawowa.

Ni abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne sauraro. Saurin yatsu ai kowa a wannan matakin yana da shi, amma a ce mutum ɗaya ya ja lokaci kaɗan ya ɗan numfasa, jagora ya gani ta gefen ido, mutum 80 su biyo shi ba wanda ya riga wani, wallahi nan aikin yake. Akwai ma gurin da ake cewa kadenza, okestira ta yi tsit, masu bayolin su sauke kayansu kan cinya, a bar shi shi kaɗai da ɗakin gaba ɗaya.

A zagayen ƙarshe Cliburn ya buga kwancato na 1 na Tchaikovsky da na 3 na Rachmaninoff (shi ma mai tsara kiɗa ne ɗan Rasha), wanda masu piyano ke tsoro saboda wahalarsa, Kirill Kondrashin ne ya ja okestirar. Na Tchaikovskyn kuna ji ƙahonni ne ke buɗewa sai piyano ya faɗo da hannu biyu dam dam dam tun daga ƙasa har sama, kuma abin sha'awa a Boston ta Amurka aka fara buga shi a 1875. Amma dai kiɗan gidansu Cliburn ya kawo wa Rashawa, ya buga shi da zuciya ɗaya, ba gaggawa, mutanen Mosko suka miƙe tsaye suna tafi wajen minti 8.

Alƙalai fa suka shiga tsaka mai wuya, cikinsu har da manyan gwanayen piyano Emil Gilels da Sviatoslav Richter, ya za a ba ɗan Amurka na ɗaya? Sai da maganar ta je gun Khrushchev, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, an ce tambaya ɗaya ya yi, shi ne ya fi kowa? Aka ce eh, ya ce to a ba shi.

Da ya koma gida New York ta tarbe shi da jerin gwano ana watso takardu daga saman benaye, ya kuma nemi a kawo masa Kondrashin ɗin dai suka sake bugawa tare a Carnegie Hall, babban zauren kiɗa na New York, suka naɗi na Tchaikovsky a faifai, ya zama faifan kiɗan kilasik na farko da ya kai kwafi miliyan ɗaya. Naɗin yana nan a YouTube, ku sa abin ji a kunne ku saurari kashi na biyu inda sarewa ke fara waƙar kafin piyano ya karɓa.