Jawabin maraba ga Mai Martaba Sarkin Damagaram daga bakin shugabar gidan sistoci

Allah ya ja zamanin Sarki. Ƴan majalisa, malamai, mai unguwa, dogarai da duk wanda ya biyo tawaga, sannunku da zuwa, sannunku da rana.

Ranka ya daɗe, dokar da muke bi a gidan nan tsohuwa ce. Waliyi Benedikt, wanda aka haifa a Italiya wajen shekara ta 480, shi ya rubuta ta cikin babi 73, kuma babi na 53 kan baƙo ya tsaya. Ya ce a tarbi kowane baƙo kamar Almasihu ne da kansa ya zo, shugaba ya zuba masa ruwa a hannu, a wanke masa ƙafa. Ta ƙafar dai mun san dogarai ba za su bari ba, amma buta da tasa suna nan.

Mun san abin da ake tambaya a gari: matan nan ba aure, ba haihuwa, me suke yi a bayan katanga? Ranka ya daɗe, addu'a muke yi, ita ce babban aikinmu. Ƙararrawarmu ta farko da kiran asuba kusan tare suke tashi, har wata rana ladanin unguwa ne ke tayar da mai kaɗa ta. Daga nan har dare sau bakwai muke taruwa a ƴar majami'armu. Zaburar Dawuda muke rerawa, ɓangare biyu suna fuskantar juna, wannan ya ɗauki aya, wancan ya karɓa, kuma doka ta so a sauke dukan 150 ɗin cikin kowane mako. Bayan addu'ar dare baki ya rufu sai gari ya waye. Ko a wurin cin abinci ba a hira, ɗaya ce ke karatu, saura na ci suna saurare.

Tsakanin addu'a da addu'a kuma hannu ba ya zama. Akwai ɗinki, akwai dahuwar sabulu, akwai lambun zogale da yakuwa, abin da muka sayar shi muke ci. Ba wadda take da nata, ko allura ta gida ce. A ƙofa kullum akwai wata tsohuwa daga cikinmu, don doka ta ce a sa dattijo mai hankali wanda shekaru suka hana shi yawo. Mata ne suka fi zuwa wurinta, mafi yawansu Musulmi, wata da goyo mai zazzaɓi, wata kuwa wurin da za ta yi kuka ba a ji a unguwa ba kawai take nema. Ba a tambayar kowa addininta.

Yarinya ba ta shiga wannan rayuwa da gaggawa. Sai ta yi aƙalla wata 12 tana koyo, sannan alkawari na ɗan lokaci na aƙalla shekara 3, kafin na har abada. Cikin alkawuran akwai wanda muke so Sarki ya ji da kunnensa, wato na zama wuri guda. Wadda ta ɗauke shi ta amince nan za ta tsufa, cikin jama'ar nan za a binne ta. Ba mu manta da Juma'ar 16 ga Janairun 2015 ba, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan, Kiristoci da yawa suka kwashe iyalansu suka bar gari. Ba don tayar da tsohon miki muka ambata ba. Kiristoci a Nijar ba mu da yawa, Bishop ɗinmu ma, wato babban limaminmu, yana Maradi, yankin da ke ƙarƙashinsa, wanda aka kafa a 2001, ya kama daga Tawa har Diffa da Agadas. Don haka idan dare ya yi, maƙwabci ne dangi, Sarki ne uba. Takowarka yau za ta yi magana a unguwa fiye da duk abin da za mu iya faɗa.

Kuka ɗaya gare mu, kuma na unguwa ne gaba ɗaya: ruwa. Idan bazara ta kama, famfo sai tsakar dare yake tari, in ya ga dama. Ƴan mata na kwana a layi da jarka, da safe su tafi lekol suna gyangyaɗi, kuɗin garuwa kuma ya ninka. Muna roƙon Sarki ya sa baki wurin mahukunta, don maganarsa tana isa inda tamu ba ta kaiwa.

Kullum muna sa Sarki da masarautar Damagaram cikin addu'a, Allah ya ba da damina mai albarka da zaman lafiya. Ga ɗan tukuicin sabulu da zanen tebur daga hannun ƴan'uwa, a yi haƙuri da ƙanƙantarsa. An dama fura a zaure. Bismillah, ranka ya daɗe.