"Kam" ɗin dogon hutu: me yaran coci ke yi mako guda a ajin makaranta a ƙasar Katsina?

[Hoto: harabar makaranta da sassafe, ƙasa jiƙe da ruwan dare, an shanya tabarmi a kan katanga]

Jama'a, barkanmu da warhaka.

Makarantar nan da kuke gani tun ƙarshen watan Yuli aka yi hutu. Amma ku dubi bakin ajin can: bokitai a jere, silifa birjik a ƙofa, ga gidan sauro an ɗaure daga taga zuwa ƙusar allo. Can bayan ofishin hedimasta hayaƙi ne ke tashi, iyaye mata huɗu na fama da tukunyar da sai mutum biyu ke sauke ta. Yaran coci ne suka zo abin da su da bakinsu suke kira "kam", wato sansanin hutu, inda za su kwana biyar ko shida suna karatun Littafi Mai Tsarki da waƙa da wasa da wanke-wanke.

In kai Musulmi ne, ka kuma taɓa zuwa IVC, wato sansanin karatun addini na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, a hutun Disamba, ai ka riga ka san rabin labarin: tabarma, layin abinci, lacca, da mai tashin mutane da asuba wanda kowa ke jin haushinsa. Sauran rabin shi za mu duba yau.

[Hoto: 'yan Birged cikin kaki, da ganga da bigila]

Asalin abin daga Turai ne. A 1883 wani malamin makarantar Lahadi a birnin Gilasgo na Sikotilan, William Alexander Smith, yaran ajinsa suka gagare shi. Da yake shi ma sojan sa-kai ne, sai ya haɗa musu karatun Littafi da fareti, aka sami ƙungiyar Boys' Brigade, wadda mu nan muke cewa 'yan Birged. A 1886 ya kwashi yaran zuwa wani ƙauye na bakin teku suka kwana tare, sansaninsu na farko ke nan. Ƙungiyar ta iso Legas a 1908, daga baya ta hauro Arewa. Alamarta anka ce, ƙarfen nan da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, an ɗauko ta daga Ibraniyawa 6:19. Ni dai har yau abin na ba ni dariya: yaro ɗan Malumfashi, bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam girma ba, ga shi yana ƙame da ankar jirgin teku a hularsa.

Aikin ɗalibai kuwa a Arewa ya kafu ne a Gindiri ta jihar Filato ta yanzu, inda malamai 'yan mishan suka fara Zumuntar Ɗalibai Kirista, FCS, a 1957. Ita ce ta bazu a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai. Manyan makarantu suna da tasu ƙungiyar, NIFES, tun 1968, ɗalibai Katolika kuma suna da ƙungiyar YCS a sakandare da NFCS a jami'a. Kowace ɗarika kuma tana da tata Zumuntar Matasa.

To amma abin da ya dace da Bature bai zo daidai da mu ba. A can ana yin sansani ne a lokacin da sanyi ya saki mutane, rana ta daɗe ba ta faɗi ba, babu aikin da ke jiran yaro a gida. Mu kuwa dogon hutunmu a tsakiyar marka yake faɗowa. Watan Agusta a ƙasar Katsina lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, kuɗi sun tafi taki, gona kuma tana neman hannu. Don haka kafin a kai ga wa'azi, sai an fara cin nasara a zaure.

[Hoto: fasto da wani magidanci zaune a tabarma a ƙofar gida]

Za ka ji uba na cewa, "Baba Fasto, ba ƙi nake ba. In yaran nan biyu suka tafi, wa zai kama mini huɗar masara?" Shi kuma fasto ya ce, "To Malam, a bar babban, a ba ni ƙaramar. Kuɗin mota Zumuntar Mata ta ɗauka, kai dai ka auna mata mudu biyu." Haka ake yi. Kuɗin rajista ba ya isa ciyar da kowa, sai an haɗa da baiko na musamman, wato sadakar da ake tarawa a coci, da mudun masara ko wake daga gidaje, da wani dattijon ikkilisiya da ya ba da jarkar manja bai so a faɗi sunansa ba.

Su wane ne yaran? Kashi biyu ne, kuma a nan ne zancen yake da daɗi.

Akwai 'ya'yan waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo: Ibo, Yarbawa, mutanen kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, 'ya'yan 'yan sanda da sojoji da malaman asibiti. A birnin Katsina da Daura su ne suka fi yawa a coci. Sannan akwai Hausawa 'yan ƙasa daga ƙauyukan Malumfashi, Kafur, Bakori, Funtuwa, Ƙanƙara, Musawa da Matazu, waɗanda kakanninsu Maguzawa ne suka karɓi Kiristanci. Mishan ɗin SIM ta hanyar magani ta shigo ƙasar nan, asibitin kutare na Babbar Ruga shaida ne, kuma daga aikinta ne cocin ECWA ya tsaya da ƙafarsa a 1954. Ko Katolika, da Fafaroma ya ba Katsina dayosis nata a 2023, wato yankin da bishop guda ke shugabanta, ɗan Malumfashi aka naɗa bishop na farko, Gerald Mamman Musa.

Yanzu ku ɗauki yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, daga wani ƙauye a ƙasar Kafur. A ajinsu wataƙila su uku ne Kirista, wataƙila ita kaɗai. In ta faɗi addininta a tasha, a ce mata, "Ke ba Bahaushiya ba ce ke nan?" In ta shiga cocin birni, 'yar Ibo ta tambaye ta yaushe ta tuba, alhali kakarta ma a coci aka ɗaura mata aure. Kowane ɓangare kallon baƙuwa yake mata. Ranar da ta shigo kam, ta tarar da ɗaki cike da 'yan mata masu irin ɗaurin kallabinta da irin Hausarta, suna rera waƙar da take ji a bakin uwarta wajen daka, ranar ce ta fara sanin cewa ba su kaɗai ba ne. A ganina wannan ya fi duk wata lacca da za a yi a makon. Masu shirya taro sukan ɓata wata guda suna neman babban mai wa'azi daga Jos ko Kaduna, alhali babban aikin a layin ɗiban ruwa yake faruwa.

[Hoto: yara sun ɗaga Littafi sama da hannu ɗaya]

Ga yadda yini yake tafiya. Ƙarfe biyar bigila ko ƙararrawa, addu'ar safe, sai a ba kowa 'yan mintoci ya zauna shi kaɗai da Littafinsa. Shara, wanka, koko da ƙosai. Daga nan a rarraba su rukuni-rukuni na goma ko sha biyu, kowane rukuni da yayansu, galibi ɗalibin jami'a ko kwaleji da ya zo hutu, ko ɗan bautar ƙasa. Ayar da ba a rasa ji a irin wannan taro ita ce 1 Timoti 4:12, inda Bulus ke ce wa Timoti kada ya bar kowa ya raina shi don yana matashi.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne gasar zare takobi. Sunan daga Afisawa 6:17 yake, inda aka kira Maganar Allah takobin Ruhu. Kowa zai ɗaga Littafinsa sama a rufe. Alƙali ya kira aya sau biyu, ya ce a zare, wanda ya fara buɗewa ya miƙe ya karanta. In aka kira Yohanna 3:16 duk ɗakin ne ke tashi. Amma bari a kira Obadiya, littafi mai sura ɗaya tak da ke maƙale tsakanin Amos da Yunusa. Sai ka ji shiru, sai ƙarar takarda, wani ya wuce shi sau uku yana gumi. Nan ne 'yar ƙauyen nan da ba ta iya dogon Turanci ba take tashi ta kayar da 'yan birni, don ita tun tana ƙarama take karanta wa kakarta Littafin da Hausa, wanda cikakkensa ya fito tun 1932.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. 'Yan birni Turanci suke so, 'yan ƙauye Hausa. Kam ɗin da aka yi shi da Turanci zalla ya sallami rabin yaransa tun ranar farko, suna zaune ne kawai suna gyaɗa kai. Inda aka san abin da ake yi, akwai tafinta a gefen mai wa'azi, rukunin nazari kuma a bar kowa ya yi tambaya da harshen da yake mafarki da shi.

Da rana garau-garau ko tuwon masara miyar kuka. Da la'asar ƙwallo, wasan kwaikwayo, ko koyon haɗa sabulu da man shafawa. Da dare kuma akwatin tambaya: kwali ne aka huda, kowa ya jefa takarda ba suna. Tambayoyin da ke fitowa ba na sama ba ne. Satar amsa zunubi ne in malami da kansa ya rubuta a allo? Saurayina ba addininmu ɗaya ba, ya zan yi? Abokina na shan maganin tari, in gaya wa babansa? Gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin tun 2018, amma tambayar ba ta daina fitowa daga akwatin ba. Akwai kuma ta zama da maƙwabta: in aka kawo mana naman Sallah mu ci? Yaran da suka taso a gida ɗaya da kawunnai Musulmi su ne ke amsa wannan tun kafin fasto ya buɗe baki, don su kowace shekara suna ci, su ma suna kai shinkafar Kirsimeti.

Ni kaina na yi irin wannan kwana a wata makaranta da ba zan faɗi sunanta ba. Daren farko aka kece da ruwa, ashe kwanon ajin duk ya ɓule. Muka kwana a tsaye, kowa rungume da jakarsa, yayanmu na ta jan waƙa don kada ƙananan su yi kuka. Wa'azin makon ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Waƙar kuwa har yanzu ina iya ta.

[Hoto: ƙofar makaranta a rufe, maigadi a kan benci]

Sai maganar da ta canza komai, tsaro. Tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, da kuma 5 ga Yuli 2021 da aka ɗauke 121 daga makarantar Bethel Baptist a jihar Kaduna, babu uban da ke jin an ce yara za su kwana a makaranta gabansa bai faɗi ba. Kuma yankin da Hausawa Kirista suka fi yawa yana cikin wuraren da 'yan bindiga suka addaba. Shi ya sa za ka ga an janyo taron zuwa cikin gari, ko harabar coci mai katanga, ko an rage kwanaki, ko an mai da shi jeka-ka-dawo, a watse kafin magariba. An yi asarar hirar dare, amma ba wanda zai ga laifin iyaye.

In za ka tura ɗanka, tambaya ba rashin bangaskiya ba ce. A ina za su kwana, an sanar da jami'an tsaro? Wace uwa ce ke kwana da 'yan mata, kuma an hana babba keɓewa da yaro shi kaɗai? Ruwan sha daga ina, tunda damina ce lokacin amai da gudawa? Akwai malamin asibiti a wurin? Gidan sauro kuwa kada ma a tsaya tambaya, a sa masa a jaka.

Daren ƙarshe shi ne na hawaye. A yi waƙa, a ba da shaida, yara su fito gaba su yi alkawura. Tsofaffin ma'aikatan ɗalibai sun san wannan wutar kara ce in ba a sa mata itace ba: mako biyu da komawa ta mutu. Itacen shi ne ƙaramar zumuntar da ke haɗuwa mako-mako a makaranta, a wani aji bayan an tashi, da malami guda da ya yarda ya zama uban ƙungiya, da shugaba da sakatare da ma'aji duk ɗalibai. Ɗan shekara 16 ne ke tsara wa zai yi addu'a, wa zai ja waƙa, shi ke rubuta 'yan kuɗin baiko a bayan littafin lissafi, kuma kafin ya zana jarrabawar fita sai ya miƙa wa na bayansa. Inda babu malami Kirista ko ɗaya a makarantar, nauyin kan koma kan mai bishara na ƙauyen da yammacin Lahadi.

[Hoto: yara na mayar da bencina cikin aji, mota na jira a ƙofa]

Safiyar tafiya, a share azuzuwa, a kwance igiyoyin gidan sauro, a mayar da bencina yadda aka same su, maigadi na ƙirgawa. Yarinyar nan ta Kafur ta hau mota da kyautar da ta ci a zare takobi, biro biyu da littafin rubutu. Shafin ƙarshe ta riga ta cika shi da lambobin wayar sababbin ƙawaye, ko da yake wayar gidansu ɗaya ce, tana aljihun babanta, shi kuma yana gona yana jiran ta zo a ƙarasa shukar wake.