Darasi: Daga Bokiti Zuwa Duro a Haɗin Sabulu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Gusau. Yau zan amsa tambayar wata baiwar Allah daga Talatar Mafara, wadda ta ce sabulunta yana yin kyau a bokiti mai lita 20, amma da ta koma duro mai lita 200 sai ya lalace, alhali ta ninka mai da soda sau goma daidai.

Hajiya, awonki daidai ne, zafi ne ya yi miki ɓarna. Soda tana fitar da zafi yayin da take narkewa a ruwa, haka kuma yayin da take haɗuwa da mai, kuma ta jikin mazubi zafin nan yake fita. To, idan cikin mazubi ya ninka sau goma ba tare da siffarsa ta canja ba, faɗinsa sau 2.15 kawai yake ƙaruwa, jikinsa kuma sau 4.6. Wato zafi ya ninka goma, amma hanyar fitarsa ba ta kai rabin haka ba. Ni kaina na taɓa juye ruwan soda gaba ɗaya cikin man alayyadi da tsakar rana a watan Afrilu, ina ji ina gani haɗin ya kumbura ya malale a ƙasa. Tun daga ranar nake jiƙa soda da dare ta huce, in zuba ta kaɗan-kaɗan kusa da farfela, wato fankar injin da ke juya haɗin.

Sai batun juyi, wanda muciya ba za ta iya ba a nan. Farfela ta zama sulusin faɗin duro. Idan ƙaramar farfela ta bokiti tana juyi 300 a minti, babbar ta duro ta yi kimanin 180, muddin haɗin bai yi kauri ba. Wanda ya nace a kan 300 zai buƙaci ƙarfin da ya ninka na farko kusan sau 46, kuma injinsa zai ƙone. Sai dai rage gudu yana tsawaita lokacin gaurayawa, saboda haka kada a yi lissafi da mintocin bokiti.

Idan kuka ga rami ya buɗe a tsakiya, ruwan zagaye kawai yake yi, sama ba ta haɗuwa da ƙasa. Mai walda ya kafa muku faifan ƙarfe huɗu a tsaye a jikin duron daga ciki, kowanne faɗinsa kashi ɗaya cikin goma na faɗin duron. Ku dai ja masa kunne kada ya sa alminiyom, domin soda tana cinsa, ta kuma fitar da iska mai kama wuta.