Yoga a Cikin Ɗaki: Ta Ina Sabon Shiga Zai Fara?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Duk wanda ya nemi yoga a YouTube ko TikTok, abin da zai fara cin karo da shi shi ne wani ya kafa kai a ƙasa ƙafafu a sama, ko wata ta lanƙwashe ta baya har ta kamo dugaduganta. Daga nan sai mutum ya ce wannan ba nawa ba ne, ya kashe waya. Wani kuma ya ce bari in gwada, ya wayi gari wuya ba ya juyuwa. Waɗancan da kuke gani shekaru suka kwashe suna horo. Sabon shiga ba daga nan yake farawa ba, kuma a gida babu malamin da zai tsaya a kanku ya ce ku dakata. Don haka a wannan bidiyo za mu nuna abin da zai tsaya muku a madadin malamin, wato numfashinku.

Yoga daga Indiya ta fito. Wani masani da ake kira Patanjali ya tattara koyarwarta cikin gajerun jimloli kusan 196, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma uku kacal daga cikinsu ne suka yi magana a kan yadda za a ajiye jiki. Abin da suka nema shi ne zaman ya tabbata, kuma mai yinsa ya ji daɗinsa. Babu zancen kafa kai a ƙasa. Yawancin salon motsa jikin da ya cika duniya a yau ya bunƙasa ne a ƙarni na 20, musamman a birnin Mysore na Indiya, inda wani malamin yoga mai suna Krishnamacharya ya koyar a fadar sarki a shekarun 1930. Cikin ɗalibansa akwai B.K.S. Iyengar, wanda ya taso yana fama da rashin lafiya, daga zazzaɓin cizon sauro zuwa tarin fuka. Shi ne ya yaɗa amfani da bargo da kujera da ɗamara da bulon katako, domin mai taurin jiki da tsoho da majinyaci su iya yi. Ya rasu a 2014 yana da shekara 95. A shekarar 2014 ɗin ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga watan Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya. Saboda haka idan kun ga mun jingina da bango ko mun tura matashi ƙarƙashin gwiwa, ba ragwanci ba ne, koyarwar manyan fannin ce.

Akwai tambayar da ke ran da yawa daga cikinku, kuma ba za mu tsallake ta ba: ya matsayinta a addini? Gaskiya ne yoga ta tsiro cikin al'adun ibada na Indiya, kuma a wasu azuzuwa ana rera kalmomin bauta, akwai ma jerin motsin da aka sa wa sunan gaisuwar rana. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga saboda irin waɗannan abubuwa. A 2009 majalisar malamai ta Indonesiya ta haramta wadda ke ɗauke da rere-reren bauta, amma ta bar ƙofa ga wadda motsa jiki ce zalla. Abin da za mu nuna a nan miƙe gaɓoɓi ne da daidaita numfashi, babu rera komai, babu gaida rana. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa kafin ya fara.

Kayan aiki ba su da yawa. Wuri daidai tsawonku a kwance, da shimfiɗar da ba ta zamewa. Tabarmar roba a kan tayil tana santsi, ku kiyaye ta. Kafet ko bargo mai kauri a kan siminti ya wadatar kafin ku sayi shimfiɗar yoga. Matashi ɗaya, tawul ko ɗankwali a madadin ɗamara, da tufafi masu sakewa. Kada a yi da cikakken ciki, a bari abinci ya yi awa biyu zuwa uku. A lokacin zafi, sanyin safiya ko bayan la'asar ya fi. Wayar kuma a jingine ta daidai inda ido zai kai ba sai an murɗa wuya ba, kuma ya fi kyau ku kalli bidiyon har ƙarshe tukuna kafin ku bi shi.

To, bismillah. Mu fara da numfashi.

Ku zauna a kan matashi, ƙafafu a harɗe, baya a miƙe. Wanda ya saba zaman tabarma zai ga wannan ba komai ba ne. Wanda kuwa kujerar ofis ko ta mota ta cinye masa yini, ya jingina da bango. Ku rufe baki, ku shaƙi iska ta hanci kuna ƙirga huɗu, ku fitar kuna ƙirga shida. Ku ɗora hannu a kan cibiya, ku ji ciki yana tasowa yana komawa. Dalilin tsawaita fitarwar shi ne bugun zuciya yana ɗan lafawa duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi, jiki kuma ya saki. Minti biyu a haka. Ku riƙe yadda wannan numfashin yake, domin shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya. Duk motsin da kuka shiga kuka ji kun riƙe numfashi, ko kuna haki, ko kun cije haƙora, to kun wuce iyakarku ta yau. Ku ja baya kaɗan har numfashin ya dawo yadda yake yanzu.

Sai ku durƙusa kamar mai rarrafe, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu. Kuna shaƙar iska, ku saki ciki ya yi ƙasa, ƙirji ya buɗe, kai ya ɗan ɗago. Kuna fitarwa, ku tura gadon baya sama, haɓa ta nufi ƙirji. Sau takwas, a hankali, numfashi ne ke jan motsin. Idan wuyan hannu ya dame ku, ku dunƙule hannu ko ku sauka a kan gwiwar hannu.

Daga nan ku koma da mazaunai kan dugadugai, ku miƙa hannaye gaba, goshi a kan matashi. Nan ne wurin hutu. Duk inda kuka gaji a tsakiya, nan za ku dawo.

Motsi na gaba shi ne wanda sababbin shiga suka fi ɓatawa, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Daga rarrafe, ku kafa yatsun ƙafa, ku ɗaga ƙugu sama da baya, jiki ya yi tsini a sama. A hotuna za ku ga ƙafafu a miƙe sambal, dugadugai sun taɓa ƙasa, sai kowa ya dage sai ya yi haka. Sakamakon shi ne baya ya ƙudundune, nauyi duka ya koma kan wuyan hannu. Ku lanƙwasa gwiwa sosai, dugadugai su tsaya a sama abinsu. Abin da ake nema shi ne baya ya yi tsawo tun daga hannu har ƙugu. Jijiyoyin bayan cinya ba sa sakewa da ƙarfin tsiya. Baduku ma idan ya ja busasshiyar fata da ƙarfi yaga ta zai yi, sai ya jiƙa ta ya bi ta sannu. Numfashi uku zuwa biyar ya isa. Idan ya yi nauyi, ku miƙe tsaye, ku dafa bango daidai tsayin ƙugu, ku ja da baya har bayanku ya shimfiɗe. Amfanin kusan ɗaya ne.

Yanzu ku kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ku danna ƙafa, ku ɗaga ƙugu sama, ku riƙe na numfashi uku, ku sauko a hankali. Sau biyar. Kada ku juya kai gefe alhali ƙugu na sama. Wannan yana ƙarfafa tsokar mazaunai da ta ƙasan baya, waɗanda dogon zama ke kashewa.

Na ƙarshe, ku miƙe ƙafafu, hannaye a gefe, ku kwanta shiru na minti uku. Mutane da yawa nan suke tashi su tafi, wai ai an gama. Kada ku tsallake shi.

Duka-duka minti goma sha biyar ke nan.

Sai batun ciwo, kuma a nan ku saurara da kyau. Jin tsoka tana jan jiki, wanda ke lafawa idan an yi numfashi, wannan ba laifi. Amma suka mai kaifi a cikin gwiwa ko kafaɗa ko ƙashin baya, ko jin kamar lantarki na bin ƙafa, ko hannu ya mutu, ko jiri, wannan a tsaya nan take. Mai hawan jini da mai hawan jinin ido su guji duk abin da zai sa kai ya koma ƙasa da zuciya, su yi na dafa bangon nan. Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda likita ya ce faifan bayansa ya goce, da dattijon da ƙashinsa ya yi rauni, su fara ganin likita ko ma'aikacin gashin ƙashi. Tsayuwa da ka kuwa, a ganina, babu abin da ya kai sabon shiga can in babu malami a gefensa.

Me za ku samu? A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sanya yoga cikin abubuwan da ta ba da shawarar a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya kafin a kai ga magani. Mutane da yawa kuma suna samun sauƙin barci da raguwar damuwa. Amma duk wanda ya ce muku yoga za ta warkar da ciwon suga ko ta maye gurbin maganin hawan jini, kasuwarsa yake ci. Kada wanda ya ajiye maganinsa. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wanda wannan sassauƙar yoga ita kaɗai ba za ta cike ba, sai an haɗa da tafiya da sauri ko keke.

Ku yi wannan jerin sau uku ko huɗu a mako, har tsawon wata guda, ba tare da ƙara komai ba. Ranar da kuka ga kun yi shi daga farko har ƙarshe numfashi bai sarƙe ba, to lokacin ƙari ya yi. A bidiyo na gaba za mu shiga motsin tsaye, waɗanda ke ƙarfafa cinya da koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.